Shekarar da Taki Ya Kwana a Ƙofar Gida

A wajenmu, arewa da birnin Kano, tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, in kana son sanin halin da magidanci yake ciki ba sai ka tambaye shi ba, dubi jujinsa. Ƙasar nan ba ta san hutu ba. Tun zamanin kakanninmu babu saurar da za a ce a bari ta huta shekara biyu, gona tana jingine da gona, ɗan layin gamba ne kawai yake raba taka da ta maƙwabcinka. Abin da yake riƙe da ita shi ne taki: kashin awaki da na tumaki, toka, sharar tsakar gida, ana tarawa a ƙofar gida tun daga kaka, in rani ya yi a ɗora wa jaki mangala a yi ta jigila, ana zubewa tsibi-tsibi a gona. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru tun daga wajejen 1960 da ɗoriya yana nazarin yadda ƙasa mai cunkoson jama'a haka take ci gaba da ciyar da mutanenta. Amsar da ya samo ita ce wadda kowane yaro a garinmu ya tashi da ita.

Yayana shi ne mai fara kai taki a unguwarmu. Kafin wasu su gyara mangala shi ya ci rabin jujinsa. Amma a bazarar 2023 har aka yi ruwan farko jujin yana nan, ya yi tsiro a kai, jaki yana ɗaure a turke yana ƙiba.

Ni malamin firamare ne, kuma ina ganin kaina mai ido. Duk da haka sai da na yi wata huɗu ina wuce jujin nan safe da yamma kafin na yarda cewa abin da yake damun Yaya ciwo ne. Mahaifinmu ya rasu a ƙarshen kakar 2022, gandu ya koma hannunsa: mutum goma sha bakwai a tukunya ɗaya, ga rigimar iyaka da 'ya'yan baffanmu, ga bashin takin zamani na damunar da ta wuce. Sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya zo, ka kai rago kasuwar Ɗambatta ka dawo da shi saboda mai saye ba shi da tsaba. Kowa a garin ya sha wannan. Shi ya sa da muka ga Yaya ya yi shiru muka ce ai kowa ma shirun ya yi.

Amma nasa shirun daban ne. Ƙarfe biyu ko uku na dare zai farka, barci ya ƙaurace masa, matarsa ta same shi a zaure zaune cikin duhu. Kwanon tuwo yadda aka kai haka ake dawo da shi, sai ɗan gefe da ya gutsura don kada a yi magana. Ya daina zuwa majalisar gindin durumi inda ya shekara ashirin yana musu a kan farashin wake. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ya bar wa yara. In ka yi masa magana sai ya ɗau lokaci kafin ya amsa, kamar wanda ake kira daga ƙasan rijiya. Bai taɓa cewa yana baƙin ciki ba, ko sau ɗaya. Abin da yake cewa shi ne kansa yana zafi daga tsakiya, ƙirjinsa kamar an aza masa dutsen niƙa, akwai wani abu da yake masa yawo a jiki, kuma gaɓoɓinsa sun mutu.

Wannan shi ne abu na farko da nake so mai karatu ya riƙe. A wajenmu ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa da sunansa ba, rigar ciwon jiki yake sakowa. Namiji mai iyali ba zai buɗe baki ya ce zuciyarsa ta karaya ba, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma zai iya cewa bayansa yana ciwo, kuma ba ƙarya yake yi ba, bayan yana ciwon. Don haka hanyar da muka fara bi ita ce wadda kowa yake bi. Kyamis ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ba a ga sauƙi ba, aka ce taifot ne, aka yi allurai. Aka ƙara ruwa leda biyu. Aka sayo maganin ƙarin jini mai kwalba. Kuɗin da ya tafi a nan ya fi wanda muka kashe daga baya a kan maganin gaskiya.

Daga nan magana ta koma inda take komawa. Goggonmu ta ce sammu ne, kuma ba ta yi nisa wajen neman wanda ya yi ba, tunda ga rigimar gona. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo mai ruƙiyya ya yi karatu kwana uku. Yaya ya zauna ya saurara, babu aljanin da ya yi magana, mai ruƙiyyar kuma, Allah Ya saka masa, ya faɗi gaskiya cewa shi bai ga alamar iska ba.

Nawa laifin ya fi na goggo, don ita ba ta yi boko ba. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da shi kwance a soro, maƙwabta duk sun gama shuka, raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, wai kai kaɗai aka yi wa mutuwa? Ka yi haƙuri mana, ka tashi. Mutane fa sun fara cewa lalaci ne." Ya dube ni ya ce, "Malam, gaskiyarsu. Ni ba ni da wani amfani a gidan nan." Babu faɗa a muryarsa, kamar yana gaya mini yau Talata. Har yau in na tuna sai na ji kunya. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ban musa ba, amma mun mai da shi murfin da muke kifewa a kan kowace tukunya don kada mu ga abin da yake ciki. Ba wanda zai ce wa mai karaya a ƙafa ya yi haƙuri ya tashi ya yi gudu. Mai ciwon damuwa kuwa, ainihin abin da ya karye a jikinsa shi ne ƙarfin tashin.

Matarsa ce ta farkar da ni. Ta same ni bayan isha'i, ta tsuguna daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, yayanka ya ce mini da ya mutu da mun huta. Sau biyu ke nan." A daren na kwashe duk maganin ƙwari da na feshi da yake gidan, na wake da na ciyawa, na kai ɗakina na kulle. Duk gidan manomi a yankin nan akwai irin waɗannan kwalabe a kan katanga ko a bayan rumbu, kuma a ƙasashen da noma ya yi yawa suna cikin manyan hanyoyin da ake rasa mutane a irin wannan hali. Tunanin yakan zo ne kamar guguwa, ya yi ƙarfi na ɗan lokaci ya lafa, in babu abu a kusa mutum yakan tsira. Da safe na tambaye shi kai-tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Na ji tsoron kada tambayar ta sa masa abin a rai. Daga baya likita ya gaya mini ba haka ba ne, tambaya ba ta shuka tunanin, hasali ma sauƙi take kawowa. Haka kuwa aka yi. Ya yi kuka, karo na farko tun ranar jana'izar Baba, ya ce tunanin yana zuwa masa amma yana jin tsoron Allah. Daga ranar ba mu ƙara barinsa ya kwana shi kaɗai ba.

Malamin asibitin sha-ka-tafi na garinmu, wanda ya taɓa zuwa wata bita a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, shi ya fara kiran abin da sunansa. Tambayoyinsa ba su da yawa. Tun yaushe? Kusan kullum ne ko jefi-jefi? Akwai abin da har yanzu yake jin daɗinsa? Barci fa, abinci fa? Ya bayyana mana cewa ɓacin rai na kwana biyu kowa yana yi, alhinin mutuwa ma ba ciwo ba ne, yana zuwa yana tafiya, kuma mai makoki yakan yi dariya in jikansa ya yi abin dariya. Amma in ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya zauna wa mutum kusan kullum, yini guda, har mako biyu ko fiye, ya haɗu da lalacewar barci da cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, har ya hana shi aikinsa, to an bar maganar hali an shiga maganar ciwo. Ya rubuta mana takarda zuwa birni.

Nan aka yi daga. Da Yaya ya ji maganar likitan ƙwaƙwalwa sai ya ce, "Dawanau za ku kai ni? Ni mahaukaci ne?" Duk Bakano ya san yadda sunan nan yake a baki. Gari ne da yake da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, amma in aka ce wane sai Dawanau, ba buhun gero ake nufi ba. Alhali mafi yawan masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, ko na Dawanau, ko sashen da yake Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na gwamnatin tarayya da suke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su karɓi magani su koma gida a ranar. Ban yi nasarar fahimtar da shi wannan ba a lokacin. Abin da ya ci shi ne na ce za mu je a duba zafin kan nan da rashin barci, wanda kuma gaskiya ne. Muka hau mota a bakin titin Daura, kuɗinta ya ninka saboda cire tallafin mai da aka yi a ƙarshen watan Mayu.

Likitan bai fara da magani ba. Ya sa an auna jini, da suga, da hawan jini, ya shafa wuyansa yana duba halittar nan da in ta kumbura ake kira maƙoƙo, domin ƙarancin jini, ciwon suga, raunin wannan halitta ta wuya, tarin fuka da wasu cututtuka masu daɗewa duk suna iya kawo kasala da ƙunci, ko su zo tare da su. Ya tambaya ko Yaya yana shan wani abu. Ya kuma yi wata tambaya da ta ba ni mamaki: ko an taɓa yin lokacin da ya yi kwanaki ba ya barci amma ƙarfi ya yi masa yawa, yana surutu, yana ɓarnar kuɗi? Ashe akwai wani ciwon daban mai hawa da sauka, wanda in aka ba mai shi maganin damuwa shi kaɗai zai iya tunzura shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum zuwa kyamis ya ce a ba shi irin ƙwayar da aka ba wane.

Ya rubuta amitiriftilin, ƙwayar da ake sha da dare, tsohon magani mai araha. Akwai wasu, irin su fulokzetin, likita ne yake zaɓa gwargwadon shekarun mutum da lafiyar zuciyarsa da sauran magungunan da yake sha. Ya ce da ni, ba da Yaya ba, "Malam, kai za ka riƙe maganin, kana ba shi na kowane dare," saboda irin wannan yana da haɗari in aka sha da yawa. Ya gargaɗe mu cewa wahalar maganin tana riga amfaninsa zuwa: bushewar baki, nauyin jiki da safe, taurin bayan gida. Sauƙin zuciya kuwa sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida. Ba ƙwayar maye ba ce, ba ta sa mutum ya ji garau nan take, ba ta kuma sa ƙishirwar a ƙara. Sannan ya ce ko an warke za a ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma in za a daina a hankali ake ragewa.

Barci ne ya fara dawowa. A mako na uku matarsa ta ce ya cinye tuwo. A na biyar na ji shi yana yi wa ɗansa faɗa a kan ya bar akuya ta shiga gonar mutane, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Sai kuma muka yi kuskuren da aka gargaɗe mu a kai. Wajen wata na uku ya ce ya warke, kuɗin mota ya yi yawa, ga aikin gona, ni ma na biye masa. Ana tsakiyar yankan gero abin ya dawo, farkawar dare da komai. Muka koma da kunya. Likitan bai yi faɗa ba, ya ce ba mu ne na farko ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ake kira sauya salon rayuwa, don a nan ne nake da ja da masu ba da shawara a rediyo. Za ka ji an ce mai damuwa ya riƙa motsa jiki, ya ci ganye, ya shiga mutane. Shawarar ba ƙarya ba ce. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218, ya nuna cewa tafiya a ƙasa, sassarfa da atisayen ƙarfi suna rage ciwon damuwa. To amma ka gaya wa mutumin da ya shekara talatin yana huɗa da garma cewa ya riƙa motsa jiki? Ka ce wa mai cin miyar kuka da zogale da rama ya ci ganye? Ka ce wa wanda yake gida mai mutum goma sha bakwai ya shiga mutane? An ɗinka rigar ne don ma'aikacin ofis da yake zaune shi kaɗai a bene. Mu a nan ba wanda yake shi kaɗai, kuma wannan ne ya ruɗe mu: mun ɗauka wanda jama'a ta kewaye ba zai yi kaɗaici ba.

Abin da ya yi mana aiki wata 'yar dabara ce da ma'aikaciyar jinyar asibitin ta koya mana. Ta ce, "Baba, kada ka jira sai ka ji sha'awar yin abu. A wannan ciwon aiki ne yake gaba, sha'awa tana biyo shi a baya." Ciwon yana sa mutum ya janye, janyewar tana raba shi da duk abin da yake sanyaya masa rai, rashin wannan kuma yana ƙara ciwon, haka abin yake ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ana tsinka igiyar ne da ƙaramin abu wanda ba zai gagara ba. Ba mu ce ya koma noma ba. Mun ce da safe shi zai ba tumaki ruwa da harawa, shi ke nan. Bayan kwana huɗu aka ƙara sallar asuba a masallaci maimakon a ɗaki. Sannan zuwa gonar bayan gari da hantsi, ko bai taɓa fartanya ba, ya dai je rana ta taɓa shi ya dawo. Sannan zama a gindin durumi tsakanin la'asar da magariba, ko bai ce uffan ba. Na ja layuka a bayan wani tsohon littafin rajista, kowace rana in ya yi sai ya sa alama. Ya ce na mai da shi ɗan aji ɗaya. Daga baya na karanta cewa wannan dabara magani ce mai zaman kanta, kuma wani gwaji da aka yi a Ingila, wanda mujallar Lancet ta buga a 2016, ya nuna ƙananan ma'aikatan da aka horar suna iya yin ta, sakamakonta kuma bai gaza na doguwar tattaunawa da ƙwararru ba.

Mun kuma taɓa goro da shayi. Yaya yana cin goro har bayan isha'i, ga shayi mai kauri a teburin mai shayi, sannan a yi mamakin rashin barci. Aka mai da su safe. Aka hana dogon barcin rana. Ƙananan abubuwa ne, amma barci shi ne ginshiƙin ɗakin.

Sai matsalolin kansu, domin ƙwaya ba ta biyan bashi. Wata Juma'a muka zauna ni da shi muka jera abin da yake cin ransa, muka ware wanda yake da mafita da wanda ba shi da ita. Mutuwar Baba ba ta da mafita. Bashin taki yana da ita: aka sayar da rago ɗaya, aka je aka roƙi mai bashin ya jira sauran zuwa kaka, ya kuwa yarda ba tare da wata wahala ba, abin da Yaya ya yi wata shida yana tsoro. Rigimar iyaka aka kai gaban dagaci, dattawa suka taka, aka sake dasa gamba. Gandun ma muka rage masa nauyi, ƙanenmu ya karɓi gona ɗaya. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya fara wani shiri a 2006 inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna yin daidai wannan da masu damuwa, a jera matsaloli a ɗauki ɗaya a nemi bakin zarenta, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar yana aiki. Su a harshensu sunan ciwon yana nufin yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. In na tuna yawan gwaggwanni da iyayen da suke zaune a gidajenmu, sai in ga ba benci muka rasa ba.

Akwai wata hanyar da samarinmu suke bi wadda dole in ambata. Masu ƙwadago da yawa suna haɗiyar taramol don su yi aikin mutum biyu, wasu kuma don zuciya ta yi shiru. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan wani rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi, Kano na cikin wuraren da aka nuna. Ba duk mai shan ƙwaya ne mai ciwon damuwa ba, amma na tabbata a cikin yaran da muke kira 'yan iska akwai marasa lafiyar da suka rubuta wa kansu magani. Sauƙin na awa kaɗan ne, in ya sake ramin ya fi na da zurfi.

Limaminmu ya taimaka ta inda ban zata ba. Yaya ya damu cewa ciwon alamar raunin imani ne, tunda har sallah ta koma yi masa nauyi. Liman ya zo har soro ya tuna masa cewa Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka tafi, kuma shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Ya ce masa ya sha maganinsa ya kuma yi addu'arsa, ba kishiyoyi ba ne. Ni kuma na ƙara masa da Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, wanda ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake sauko wa mutum babu dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Shekara dubu da ɗoriya ke nan, tun kafin wani ya ce abin na Turawa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne suke fama da wannan ciwo, kuma a ƙasashe irin namu fiye da kashi 75 cikin ɗari ba sa samun wani magani. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, dokar mahaukata ta 1958 ce take aiki. Da wannan lissafi, in aka ce sai kowa ya ga ƙwararre a birni, ba a gama ba har abada. Mafita ita ce irin malamin asibitin garinmu, wanda bitar kwanaki ta sa ya gane abin da kyamis uku suka kasa ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da irinsu tun 2008. Tunanin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan: a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, tare da danginsu, maimakon a kulle su.

Wadda ban yi zaton za ta yi magana ba ita ce Inna, mahaifiyarmu. Yaya ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, duk tsawon ciwon nan daga nesa take kallonsa tana aiko da kunu. Wata rana da dare, bayan ya fara samun sauƙi, ta kira ni ta ce in karanta mata abin da likita ya ce yana damun "wancan". Na lissafa mata alamomin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe yana da suna." Ta ce bayan haihuwata, ana cikin wankan jego, abu ya sauko mata. Tana ba ni nono hawaye yana zuba, ba ta san dalili ba. Tana jin kamar ba ita ta haife ni ba, tana kuma jin ita muguwar uwa ce saboda jin hakan. Kusan shekara ta yi a haka. Aka ce iska ce ta buge ta a bakin rijiya, aka yi turare, kishiyarta ta ce sangarta ce. Shekara arba'in da ɗoriya ba ta gaya wa kowa ba.

Ciwon ya fi kama mata, da wajen rabi a kan maza, kuma fiye da mace ɗaya cikin goma tana shiga cikinsa lokacin goyon ciki ko bayan haihuwa. Jujin Yaya a ƙofar gida yake, duk mai wucewa ya gani. Matar da take cikin kulle ba ta da juji a waje. Za ta ci gaba da daka da girki da wanki, don ba ta da zaɓi, abin da za a gani kawai shi ne ta rame, ta cika fushi, ko yaronta ba ya ƙiba. Inna kanta tana cikin takaba a watannin da muke ta kai-kawo a kan Yaya, kuma babu wanda ya tambaye ta yadda take barci, har da ni. Yanzu in matar ƙanenmu za ta je awo ko rigakafin yara, Inna ce take ce mata in malamar asibiti ta tambaye ta lafiya kada ta tsaya a lafiya lau.

Yaya ya gama maganinsa a damunar 2024, an rage masa a hankali cikin makonni. Likita ya ce ciwon yana iya dawowa, ya kuma sa mun haddace alamominsa na farko, wanda a wajen Yaya farkawar dare ce. Katin asibitin yana cikin gafakar Baba, a can yake ɓoye shi, kuma har yau in aka tambaye shi abin da ya same shi a shekarar nan cewa yake taifot ne. Na daina gyara masa. Amma a ranin da ya wuce wani maƙwabcinmu ya bar jujinsa har bazara ta kusa, sai na ga Yaya ya kwance jaki da sassafe ya nufi ƙofar gidan. Mangala uku ya kai masa gona, a ta huɗu ya tsaya ya yi sallama, ya ce mutumin ya fito ya riƙe masa bakin mangalar.